Kontak tsakanin residu a jikin furotin: tambayoyin da ƙanne ke ta turo min da amsoshinsu

Assalamu alaikum. Tunda aka ji na yi aikin digiri na biyu a kan surar furotin, duk ɗalibin bayokemistiri na yankinmu da sufabaiza ya ce masa "je ka fitar min da kontak" sai a ba shi lambata, wannan daga Dutse, wancan daga Kafin Hausa, wata daga Kano, kuma tambayoyin kusan duk kanwar ja ce, ni kuwa ina nan ƙauyenmu tsakanin Gumel da Maigatari inda sai ka fita bayan gari wajen kuka kafin sabis ya kama da kyau, to amsa wa kowa da saƙon murya ya fara cinye min data. Shi ne na ce bari in tara su wuri guda, na bar tambayoyin kamar yadda aka turo su.

Malam ni fa tun daga tushe ban gane ba, meye residu, meye kuma kontak?

Ɗauko carbinka ƙanina. Furotin zare ne da aka jera amino asid a kansa kamar 'ya'yan carbi, kuma iri 20 ne jiki ke aiki da su a yau da kullum. Duk inda biyu suka haɗu a zaren ƙwayar ruwa ɗaya ke fita, abin da ya saura na kowane amino asid bayan wannan haɗin shi ake ce wa residu, wato ragowar kenan. Yanzu dunƙule carbin a tafin hannunka ka duba, za ka ga ɗa na 5 da ɗa na 80 da suke nesa da juna a zare yanzu suna gogar juna. Wannan gogayyar ita ce kontak. Inda carbi ya bambanta da furotin shi ne carbi duk sanda ka dunƙule shi daban yake zama, furotin kuwa irin naɗi ɗaya yake komawa kullum, jerin amino asid ɗinsa ne ke yanke masa yadda zai naɗe, Christian Anfinsen ya nuna haka da wani furotin mai suna ribonuclease har ya samu Nobel a 1972.

Ni yadda nake gaya wa yara, waɗanda ke kusa a zare dangi ne, waɗanda ke kusa bayan an naɗe maƙwabta ne. Maƙwabtan muke nema.

To katof nawa zan sa? Na ga wani ya sa 8 wani 4.5 wani 5, wanne ne daidai?

Nan ne fa gizo ke saƙar, kuma nan ne ni kaina na sha kunya. In ka buɗe fayil ɗin furotin da ka sauko daga PDB, rumbun surorin furotin da ke intanet, ba za ka ga inda aka jera maka kontak ba, abin da ke ciki layi-layi ne na atom, kowane da lambobi uku da ke nuna inda yake tsaye a sarari. Kai ne za ka auna tazara tsakanin atom da atom ka yanke iyaka, wato katof, ka ce "duk waɗanda ba su wuce kaza ba na kira su maƙwabta". Ma'aunin angistirom ne, ana rubuta shi Å, kuma guda miliyan 10 ne ke cika milimita ɗaya, ka ji ƙanƙanta.

Hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko ka zaɓi atom ɗaya ya wakilci kowane residu, yawanci kabon na farko a reshensa, wato ɗan ɓangaren da ke fitowa daga gefen zaren, wanda ake kira Cβ, in tazarar Cβ da Cβ ba ta kai 8 Å ba ka ce kontak ne. Amino asid ɗin gilaisin ba shi da Cβ don reshensa haidirojin ne tilo, sai a yi amfani da Cα ɗinsa, kabon ɗin da ke kan zaren wanda reshen ke fitowa daga jikinsa. Wannan shi ne ma'aunin gasar CASP, gasar hasashen surar furotin da ake yi duk bayan shekara biyu tun 1994. Hanya ta biyu ka duba duka atom masu nauyi, wato duk wanda ba haidirojin ba, in akwai ko guda ɗaya na wannan residu da ya zo cikin 4.5 Å ko 5 Å da wani na wancan, sun zama maƙwabta. Ta farko ta fi dacewa in kana son ganin yadda zaren ya naɗe gaba ɗaya, ta biyu in kana son sanin wa ke taɓa wa a zahiri, musamman manyan reshe irin na ajinin da tiriftofan da za su iya miƙa hannu su taɓo abu alhali Cβ ɗinsu yana can nesa.

Babu wanda ya fi wani zama gaskiya. Ranar da na gabatar da aikina a semina na tashi da gadara na ce furotin kaza ya fi furotin kaza yawan kontak, wani dattijon malami da bai ce uffan ba tun farko ya cire tabarau ya ce "yaro, da wace tiya ka auna?" Na tsaya kamar an dasa ni. Ashe ɗaya na ɗauko adadinsa daga wata takarda da ta yi da 8 Å, ɗayan kuma ni na lissafa da 4.5 Å, kamar mutum ya auni gero da tiyar Maigatari ya auni wani da gwangwanin madara ya ce wannan buhun ya fi auki. Wlh har na dawo gida a motar kasuwa maganar tiyar nan na yi min yawo a ka. Don haka ka zaɓi ɗaya, ka rubuta shi ɓaro-ɓaro, ka auna komai da shi. In kana son ka ƙara samun natsuwa ka sake lissafin da 4, da 4.5, da 5, in abin da ka gano ya ɓace don ka matsa rabin angistirom to dama can ba abin riƙewa ba ne.

Yaya, furotin ɗina ƙarami ne amma kontak ɗin da na samu sun cika shafi goma, na yi kuskure ne?

Kusan tabbas dangi kika ƙirga ƙanwata. Tazarar Cα na residu da na mai bi masa 3.8 Å ce kusan kullum, to ko wane katof kika sa na 10 zai fito maƙwabcin na 11, wannan ba labari ba ne, kamar a ce miki wa da ƙani gida ɗaya suke kwana. Sai ki sa sharaɗin nisa a zare. A CASP sai masu tazarar residu 6 zuwa sama ake ƙirgawa, 6 zuwa 11 gajeren zango, 12 zuwa 23 matsakaici, 24 zuwa sama dogon zango, kuma na dogon zangon su ne masu tsada don su ke riƙe naɗin.

Sannan ki duba ko kin ƙirga kowane sau biyu, 15 da 60 sannan 60 da 15, abu ɗaya ne. Ki kuma cire ruwa, layukan da ke da HOH. Lissafin ma'aurata mai sauƙi ne, zaren beta na himogulobin, furotin ɗin da ke cikin jini, residu 146 gare shi, ma'auratan da za a iya haɗawa 10,585 ne, amma kaɗan ne ƙwarai daga ciki ke taɓa juna, in kika ga kusan rabinsu sun fito to akwai abin da ya karkace.

Wannan hoton mai ɗigo-ɗigo da layi a tsakiya, yaya ake karanta shi?

Taswirar kontak kenan. An jera lambobin residu a gefe, an sake jera su a ƙasa, duk inda biyu suka taɓa juna a sa ɗigo. Layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa kowa ne da kansa, kuma sama da ƙasan layin hoton juna ne, rabi ɗaya ya ishe ka.

In ka ga layin tsakiyar ya yi kauri a wani wuri, murɗin alfa ne a wurin, wannan da zaren ke murɗewa kamar igiyar guga, residu 3.6 a kowane zagaye, shi ya sa kowane ke taɓa na 3 da na 4 a gabansa. Linus Pauling da Robert Corey ne suka zana shi a 1951 tun kafin kowa ya gan shi a cikin furotin na gaske. In ka ga siririn layi ya fita a gicciye kamar an kafa sanda a kan layin tsakiya, zare biyu ne na tabarmar beta suka kwanta kai da ƙafa, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa. In kuma layin ya bi gefe ɗaya da na tsakiya amma can nesa da shi, zaren biyu fuska ɗaya suka kalla. Ɗigon da ke can kusurwa su kaɗai, nesa da kowa, kar ka raina su, sau da yawa su ne inda farkon zare ya zagayo ya kama ƙarshensa.

Abin da ya sa masana ke son taswirar nan, ko ka juya furotin ta ina ba ta canzawa, to kwatanta biyu ya zo da sauƙi.

Malam tsakani da Allah meye amfanin wannan gare mu a nan? Mahaifina ya tambaye ni na rasa amsa.

Ka ba Baba misalin sikila. Babu unguwar da ba a san amosanin jini ba a ƙasar nan, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da ita, kuma duk wahalar nan, kwanan asibiti da ƙarin jini da ciwon ƙashin da ke sa babban mutum kuka, tushenta kontak ɗaya ne da bai kamata a ce yana nan ba.

Himogulobin da ke ɗaukar oksijin a jini zare huɗu ne a dunƙule, alfa biyu masu residu 141 kowanne, beta biyu masu 146, jimla 574. A wuri na 6 na zaren beta mai lafiya yana da gulutamet, Glu, mai caji, mai son ruwa, yana zaune a bayan furotin lafiya lau. Mai sikila kuma balin ne a wurin, Val, shi kuwa ɗan gudun ruwa ne, kamar ɗigon man gyaɗa a kwanon ruwa da ba ya samun sukuni sai ya haɗu da wani ɗigon. Vernon Ingram ne ya gano wannan canjin a Kambirij ta Ingila a 1956 zuwa 1957, bayan Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin masu ciwon daban yake. To idan himogulobin ya sauke oksijin ɗinsa, akwai wani ɗan aljihu mai maiƙo a jikin zaren beta, tsakanin Phe85 da Leu88, wato residun Phe na wuri na 85 da Leu na 88, sai Val6 na wannan ƙwayar himogulobin ɗin ya cusa kansa a aljihun ƙwayar da ke kusa da ita, ita ma nata ya shiga na gaba, haka haka har su yi doguwar igiya, igiyoyi 14 su tufke su zama sanda a cikin ƙwayar jini, ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyi.

Kuma za ka iya gani da idonka. A PyMOL, manhajar kallon surar furotin, ka rubuta wannan, zai sauko da fayil ɗin ya cire ruwa ya zaɓo maka maƙwabtan Val6:

fetch 2hbs
remove solvent
select val6, chain B+D+F+H and resi 6
select makwabta, byres (val6 around 4.5)

Fayil ɗin 2HBS himogulobin ɗin sikila ne marar oksijin, an fitar da shi a 1997, ƙwaya biyu ne a ciki, zare takwas, B da D da F da H su ne beta. Ka duba maƙwabtan da suka fito daga wani zare daban. Ba duka Val6 ɗin ne za su nuna maka aljihun ba, a kowace ƙwaya ɗaya ne daga biyun ke shiga wannan haɗin, wani kuma sai ka sa umarnin symexp ya fito da ƙwayoyin da ke jere kusa da su a cikin kiristal ɗin da aka ɗauki hoton kafin ka gan shi. Daren da na fara ganinsa ina zaune a tabarma a tsakar gida, laftof a cinya batir saura kaɗan, ina juya abin da yatsa sai ga reshen balin ɗin nan mai kama da ɗan ƙaramin gwafa ya zauna daram tsakanin zoben Phe85 da Leu88, kuma a ɗakin da ke bayan katangarmu akwai yarinyar da aka dawo da ita daga asibiti a satin. Na daɗe ina kallon allon ban taɓa komai ba.

Ƙarin abu, ka san jariri mai SS yawanci ba ya nuna ciwo sai ya doshi wata shida, saboda himogulobin ɗin jarirai da zaren gama yake aiki maimakon beta, kuma a wuri na 87, dab da wancan aljihun, gama na da Gln inda beta ke da Thr, wannan na cikin abin da ke hana igiyar ƙulluwa. Maganin hydroxyurea da likitoci ke bayarwa aikinsa ya ƙara yawan wannan himogulobin ɗin na jarirai. Masu AC da SC kuma, a himogulobin C ɗin da suke ɗauke da shi laisin, Lys, ne a wuri na 6 ɗin.

Kenan in na iya wannan zan iya gane jinotayif ɗin mutum?

A'a. Wannan aikin lab ne, a je a yi gwajin jini kafin a kai kuɗin aure.

Na duba UniProt na ga Glu ɗin a lamba 7 yake ba 6 ba, wa ya yi kuskure?

Ba kowa. Ana fara ƙera zaren da metiyonin a gaba, daga baya jiki ya yanke shi. Masu aikin furotin tun zamanin Ingram suna ƙirga daga bayan yankan sai ya zama 6, UniProt, rumbun jerin amino asid na furotin, da masu rubuta canjin ƙwayar halitta suna ƙirga har da metiyonin sai ya zama 7. Wannan tuntuɓen ya kayar da mutane da yawa, ba a himogulobin kaɗai ba. Kullum ka tabbatar sunan residun ya dace da lambar, in takarda ta ce Phe85 kai kuma ka ga wani abu daban a 85 to ka matsa gaba ko baya ka nemo inda lissafin ya zame.

In biyu suna kusa shi kenan suna riƙe da juna?

Ba lallai ba, mutum biyu na iya zama kafaɗa da kafaɗa a motar Gumel ba su ko gaisa ba. Tazara ta ce maka suna kusa ne kawai, sai ka duba su wane ne. In oksijin ne ko naitirojin ke fuskantar juna a tazarar wajen 2.7 zuwa 3.5 Å kuma kusurwar ta yi daidai, haɗin haidirojin ne. In mai caji mara kyau ne, wato negatif, kamar Asp ko Glu da mai caji mai kyau, wato fozitif, kamar Lys ko Arg a cikin 4 Å, shi ake kira gadar gishiri, sunan da suka raɗa masa kenan, ba gishirin miya a ciki. In Cys biyu ne salfa da salfa wajen 2.05 Å, wannan ba maƙwabtaka ba ce kuma, ɗaurin aure ne, ƙulli ne na gaske. Sai masu gudun ruwa, Leu, Ile, Val, Phe, Met, da ke cunkushewa a tsakiyar furotin, kowane ɗaya riƙonsa ba ƙarfi amma taronsu ne ke riƙe ginin.

Ka sani kuma yawancin surorin da aka samo da hasken eksire ba su da haidirojin a ciki don ba ya fitowa a hoton, manhajar ce ke ƙiyasta inda yake. Shi ya sa za ka ba manhaja biyu fayil ɗaya su ba ka adadin haɗin haidirojin daban-daban, kar ka ɗaga hankalinka, ka rubuta wadda ka yi aiki da ita.

Na ga zaren A yana taɓa zaren B a fayil, in rubuta cewa haka suke haɗuwa a jiki?

Dakata tukuna. Don a ɗauki hoton furotin da eksire sai an sa shi ya zama kiristal, ƙwayoyi bila adadin a jere a matse kamar buhunan gyaɗa a sito, dole wani ya jingina da wani ko da a jiki ba ruwansu da juna. Wani lokacin kuma akasin haka ne, abokin haɗin na gaske ba ya cikin fayil ɗin da ka sauko sai ka nemi cikakken taron da ake kira bayolojikal asembili a shafin. Akwai PISA a shafin PDBe da ke auna faɗin wurin haɗuwar ya ba ka ra'ayinsa, haɗin gaske yawanci ya fi faɗi, ya fi yawan masu gudun ruwa, kuma residun wurin ba sa yawan canzawa daga dabba zuwa dabba. Amma ra'ayi ne fa. Misalin sikilar nan ma ai a kiristal aka gan shi, abin da ya sa aka yarda da shi shi ne wasu gwaje-gwajen daban sun goyi bayansa.

Ba ni da laftof mai ƙarfi, wutar ma sai a hankali, zan iya?

Za ka iya, wannan ba aikin da ke cin inji ba ne. Fayil ɗin 4HHB, himogulobin ɗin mutum mai lafiya da su Max Perutz suka ajiye a 1984, bai kai megabait ɗaya ba, bidiyon barkwanci ɗaya da ake turowa a guruf ya fi shi nauyi. Shafin RCSB, wato shafin PDB ɗin, yana da manhajar kallo a cikinsa mai suna Mol*, ko a waya tana buɗewa, sai dai yatsa na wahala. ChimeraX kyauta ne ga ɗalibai, PyMOL ma yana da na kyauta, in kuma ka ɗan iya Python to Biopython na da NeighborSearch da zai fitar maka da duka ma'auratan cikin ƙiftawar ido, a Google Colab ma za ka iya ba sai ka girka komai ba.

Ni dabarata, ranar Alhamis in na shiga Maigatari cin kasuwa nakan bar laftof a shagon mai caji, in sauko da duk fayilolin da nake so a inda sabis ke da ƙarfi, in dawo gida in yi aikina ba intanet. Kuma kar ka fara da babban furotin. Fara da 1CRN, kirambin, residu 46 kacal, atom 327, yana da ƙullin salfa uku, 3 da 40, 4 da 32, 16 da 26. In lissafinka bai kamo waɗannan ukun ba ka san ba furotin ne da laifi ba. Daga nan ka hau fayil ɗin 1UBQ mai residu 76.

Ka tuna PDB ɗin nan da sura 7 aka buɗe shi a 1971 a Brookhaven ta Amurka, yau ya haura 200,000, kuma duk kyauta, wanda ke Kambirij da wanda ke zaune a gindin darbejiya a Jigawa fayil ɗaya suke saukowa.

Furotin ɗina babu shi a PDB, in ɗauko na AlphaFold?

Ɗauko, amma da ido biyu. AlphaFold 2, manhajar da ke hasashen surar furotin daga jerin amino asid ɗinsa, ya girgiza kowa a CASP na 2020, rumbunsa ya haura sura miliyan 200 a 2022, Demis Hassabis da John Jumper suka raba Nobel na kemistiri na 2024 da David Baker. Abin sha'awa ma daga maganar kontak ɗin nan abin ya tsiro: in ka jera furotin iri ɗaya daga halittu dubbai sai ka ga wasu wurare biyu tare suke canzawa, wannan ya girma wancan ya ƙanƙance, wannan ya koma mai caji mara kyau wancan ya koma mai kyau, alamar suna taɓa juna kenan, kamar ƙofa da madogararta da in an sake ɗaya dole a gyara ɗayar.

Sai dai hasashe ne ba hoto ba. Kowane residu na da maki mai suna pLDDT da ke nuna yadda manhajar ta amince da hasashenta, an saka shi a gurbin da fayil ɗin eksire ke sa B-factor, ma'aunin motsin atom, sama da 90 abin dogaro ne sosai, 70 zuwa 90 ba laifi, ƙasa da 50 kuwa wannan zaren da za ka ga yana yawo kamar taliya ne, duk kontak ɗin da ya fito daga nan zubar da shi. In kuma kontak ɗin tsakanin ɓangarori biyu ne na furotin to ka duba taswirar PAE, wadda ke nuna kuskuren da ake zato a zaman wannan residu dangane da wancan, don kowane ɓangare na iya zama daidai a karan kansa amma yadda aka jingina su da juna shaci-faɗi ne. Kuma kar ka canza residu ɗaya ka ba shi ka ce zai nuna maka illar canjin, yawanci sura kusan iri ɗaya zai dawo maka da ita.

Lambobin residu ɗina sun yi tsalle daga 120 zuwa 131, fayil ɗin ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. Wurin yana motsi ne da yawa bai fito a hoto ba, suna nan a jere a saman fayil ƙarƙashin REMARK 465. Rashin kontak a wurin ba ya nufin ba sa taɓa kowa, ba a gan su ba ne kawai. Sauran ramukan da ke kan hanya: wani residu za ka gan shi sau biyu da A da B don an same shi a zama biyu, ɗauki mai rinjaye. MSE metiyonin ne da aka sa wa seleniyom, yana zuwa a layin HETATM, inda fayil ke sa ruwa da duk abin da ba amino asid na yau da kullum ba, in ka share HETATM gaba ɗaya ka huda zarenka da hannunka. Fayil ɗin NMR kuma, wata hanyar gano sura ban da eksire, sura da yawa ne a ciki, sau da yawa 20, in ba ka zaɓi ɗaya ba za su hau kan juna. Sannan kaifin hoton, 1.5 Å kana ganin reshe tar, a 3.5 Å kuwa inda aka ajiye reshen akwai ƙiyasi a ciki, to kar ka zo kana min rantsuwa a kan bambancin 0.2 Å.

To Malam a babin bayanin yadda na yi aiki me zan rubuta don kar a kama ni ranar difens?

Lambar fayil ɗin da kaifin hotonsa, zaren da ka ɗauka, ko ka yi da cikakken taro ko abin da ke cikin fayil kawai, atom ɗin da ka auna, Cβ ne ko duka masu nauyi, katof ɗinka, nisan zaren da ka sa, abin da ka yi da ruwa da masu zama biyu, sunan manhaja da lambar fitowarta. Layi biyar ko shida ne amma su ne za su sa wani ya maimaita aikinka ya samu abin da ka samu. Sannan kafin ka buga, zaɓi kontak biyar daga jerin naka da ka, ka buɗe su a PyMOL ka auna da umarnin distance ka gani da idonka. Wata ƙanwarmu ta yi haka makon jiya ta kira ni da magariba tana dariya, ashe tun farko zaren C take aunawa tana rubuta sunan zaren A, ta ce za ta gyara teburin ta turo min ranar Alhamis in na shiga gari.